Akpafu-Todzi da Kujera ta 276: Yadda Ƙauyukan Kan Dutse Suka Shekara Huɗu Babu Wakili

Ranar 7 ga Janairun 2025, da aka rantsar da sabuwar Majalisar Dokoki a nan Accra, kujeru 276 aka ƙirga, ba 275 da kunne ya saba ji tun 2012 ba. Ƙarin kujera ɗaya tak. Wanda ke bin siyasa a rediyo ya ji sunan sabuwar mazaɓar, Guan, kuma wataƙila ya sha jin kalmar SALL tana yawo a bakin lauyoyi da 'yan jarida. Amma a wuraren shan shayi na Nima da Mamobi da Sabon Zango, in aka tambayi mutum ina ne SALL, galibi amsar ba ta wuce "can wajen Volta". Wasu ma sun ɗauka sunan gari guda ne.

Ba gari ba ne. Haruffan farko ne na ƙasashen gargajiya huɗu da ke maƙwabtaka da juna a kan duwatsu da kwaruruka: Santrokofi, Akpafu, Likpe da Lolobi. Mutanensu sun jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa a Disamban 2020, amma ba a ba su takardar zaɓen ɗan majalisa ba, suka zauna shekara huɗu cur babu mai magana da yawunsu a Majalisa. Domin a gane yadda aka yi haka, sai an fara sanin wurin da kansa, don tushen rikicin yana cikin yanayin ƙasar da tarihinta. Za mu tsaya a ƙauye ɗaya, Akpafu-Todzi, wanda ke zaune a kan dutse, mu duba lamarin daga can.

Inda dutsen yake

Wanda ya tsaya a Madina ko Adenta ya dubi arewa zai hangi tudun Aburi. Wannan tudu shi ne farkon wani dogon jerin duwatsu da ya miƙe arewa maso gabas, ya tsallake kogin Volta a wajen Akosombo, ya bi iyakar Ghana da Togo, ya shige Togo har Benin, inda ake kiransa Atakora. A cikin wannan jeri Afadjato yake, dutsen da 'yan makaranta ke haddace tsayinsa mita 885. Akpafu na kan wani reshe na jerin, arewa da Hohoe kaɗan.

Daga Accra zuwa Hohoe tafiyar kilomita 200 da 'yan kai ce, ta Atimpoku da gadar Adomi. In aka fita Hohoe aka kama hanyar Jasikan, ƙauyukan Santrokofi ake fara tararwa, sannan Akpafu-Mempeasem a bakin titi. Daga nan hanya ke karkacewa ta hau dutse zuwa Todzi. Direbobin manyan motocin da ke ɗauko doya daga Nkwanta da Bimbilla zuwa kasuwannin Accra sun san wannan titi sarai, ko da ba su taɓa hawa saman ba.

Sunayen kansu labari ne. Todzi kalmar Ewe ce, ma'anarta "kan dutse". Mempeasem kuwa Twi ce, wato "ba na son fitina". Amma mutanen wurin ba Ewe ba ne, ba Akan ba ne. Suna kiran kansu Mawu, ƙasarsu Kawu, harshensu Siwu, kuma harshe ɗaya suke yi da mutanen Lolobi da ke cikin kwarin kogin Dayi. Santrokofi na da nasu harshen, Selee. Likpe na da Sekpele. Mutanen Buem da ke arewa da su suna Lelemi. Cikin tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba mutum zai ratsa harsuna huɗu ko biyar. Masana harshe suna haɗa su a rukunin da suke kira harsunan duwatsun Ghana da Togo, kuma ba sa sanya su cikin ainihin harsunan Guan irin su Gonja da Krachi da Nkonya, duk da cewa a siyasar yau sunan Guan aka laƙaba wa gundumar da mazaɓar.

Abin lura a nan shi ne ƙauyen da sunansa ke cikin harshen maƙwabcin kudu, ƙanensa na gindin dutse kuma sunansa ke cikin harshen wasu maƙwabtan daban. Haka rayuwar ƙananan ƙabilun nan ta kasance tun da daɗewa: suna tsakanin manya, kowane babba yana ganin nasa ne.

Tama da shinkafa

Bahaushe ba baƙo ba ne ga labarin garin da tama ta kafa. Tarihin Kano ya fara ne da maƙeran da suka zauna a gindin Dala saboda dutsen ƙarfe. Akpafu ma haka take. Tarihin bakinsu yana cewa kakanninsu sun yi ta ƙaura kafin su zauna a wannan dutse, kuma abin da ya riƙe su shi ne tamar da ke cikinsa. Sun haƙa ramuka masu zurfi suna bin jijiyar tamar, suna fito da ita a kwando, suna zuba ta da gawayi a cikin dogayen murahun yumɓu, wuta ta yi ta ci har ƙarfe ya rabu da kashinsa. Daga nan sai maƙeri ya karɓa, ya ƙera fartanya da adda da wuƙa da kan mashi. Har yau ramukan na nan a kusa da Todzi, masu yawon buɗe ido na hawa su gani. Akwai ma masu cewa sunan Akpafu kansa maƙwabta ne suka kwaikwayo daga ƙarar zuga-zugi.

A zamanin da babu ƙarfen Turai, mai tama yana da abin da kowa ke nema. Manomi ba ya noma sai da fartanya, mayaƙi ba ya fita sai da makami. Ƙaramar al'umma da ba za ta iya tara dubban mayaƙa ba tana iya sayen zaman lafiyarta da ƙarfe, in kuma abin ya faskara ta haye sama inda mahara ba sa kai wa cikin sauƙi. Dutsen ya ba su abinci, ya kuma zame musu ganuwa.

Ɗaya ƙafar rayuwarsu ita ce shinkafa, kuma ba shinkafar fadama ba. Jar shinkafa ce ta tudu, irin ta Afirka ta asali, wadda ake shukawa a gangaren dutse da ruwan sama kawai. Yankin na samun damina biyu a shekara, kuma tsaunukan na tare iska mai laima, shi ya sa wurin ke da duhuwar itatuwa da sanyi fiye da filayen da ke kewaye. Shinkafar ta shiga al'adarsu ta aure da biki da makoki, ba abincin ciki kaɗai ba ce.

Sana'ar tama ta mutu ne ba da yaƙi ba. Kasuwa ce ta kashe ta. Tun ƙarshen ƙarni na 19 sandunan ƙarfe da addunan Turai suka cika kasuwanni da araha, wahalar haƙa da ƙona gawayi ta daina biyan kanta. Da koko ya shigo a ƙarni na 20, kuma aka yi titin mota a cikin kwari, sai jama'a suka fara gangarowa kusa da gonaki da hanya. Todzi ta zauna a matsayin uwa, wurin sarauta da tsofaffin gidaje da cocin da 'yan mishan na Bremen suka kafa a zamanin Jamus, amma hada-hada ta koma ƙasa. Kuma ƙasan nan, titinta da kasuwarta da asibitinta duk Hohoe suka fuskanta. A riƙe wannan, don shi ne jigon abin da ya faru a 2018.

Iyakokin da suka sha ratsa wurin

A 1869 rundunar Asante ƙarƙashin Adu Bofo ta tsallake Volta ta yi shekaru tana yaƙi a wannan shiyya, al'ummomi da yawa suka fake a kan duwatsu. A 1884 Jamus ta kafa mulkinta a gaɓar Togo, ta yi ta matsowa arewa, ta buɗe tasha a Misahöhe a 1890, wata kuma a Kete-Krachi a 1894. Wannan shi ne lokacin da fatake Hausawa suka bar Salaga bayan yaƙin basasar 1892 suka cika Kete, inda Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934. Hanyar fatauci daga Krachi zuwa Kpando da bakin teku ta bi ta wannan yanki, kuma zangunan da ke Hohoe da Kpando da Jasikan da Kadjebi a yau jikokin wannan zirga-zirga ce da ta noman koko da ta biyo baya.

A 1914 Ingila da Faransa suka ƙwace Togo daga hannun Jamus, bayan yaƙi suka raba ta. Akpafu ta faɗa ɓangaren Ingila. Ranar 9 ga Mayun 1956 aka yi ƙuri'ar raba gardama ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, kashi 58 cikin ɗari suka zaɓi haɗewa da ƙasar da ta zama Ghana a 1957. Gundumomin Ho da Kpando, inda Ewe suka fi yawa, sun fi karkata ga rabuwa, Buem-Krachi da arewa suka zaɓi haɗewa. Layin da ya raba ra'ayin nan biyu bai yi nisa da gindin dutsen Akpafu ba.

A tsarin mulkin cikin gida ma haka aka yi ta jan su. Turawa sun jingina Akpafu da sarautar Buem, daga baya gwamnatocin Ghana suka sanya ƙasashen huɗu a gundumar Hohoe. Saboda haka duk wanda ya ce "asalinsu na Buem ne" yana da hujja a tarihi, wanda ya ce "rayuwarsu ta Hohoe ce" shi ma yana da tasa.

Kalmomi huɗu da ake cakuɗawa

Yawancin ruɗanin ya samo asali ne daga haɗa abubuwa huɗu da doka ta raba.

Jiha ita ce babban yanki irin Greater Accra ko Ashanti. Da goma ne, yanzu 16. Ba a ƙirƙirar jiha sai ta hanyar sashe na 5 na kundin tsarin mulkin 1992: a kai koke, shugaban ƙasa ya naɗa kwamitin bincike, a yi ƙuri'ar raba gardama wadda aƙalla rabin masu rajista za su fito, kuma kashi 80 cikin ɗari na ƙuri'un su amince.

Gunduma ita ce ƙaramar hukuma, mai majalisarta da shugaban da fadar shugaban ƙasa ke naɗawa. Ɓangaren gwamnati ne ke ƙirƙirar ta. Mutanen Nima da Mamobi sun ga misali a 2018, da aka yanko musu Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa daga babbar hukumar Accra.

Mazaɓa kuwa yankin da ke tura mutum ɗaya Majalisar Dokoki ne, kuma Hukumar Zaɓe ce kaɗai ke shata ta. Sashe na 47 ya ɗora mata sharuɗɗa biyu da suka zama ƙashin bayan wannan magana. Na ɗaya, mazaɓa ba za ta ratsa jiha biyu ba. Na biyu, in an canza iyakar mazaɓa, canjin ba ya fara aiki sai an rushe majalisar da ke ci. Ƙari a kan haka, sashe na 11 ya ce irin wannan doka sai ta kwana a gaban Majalisa har kwanakin zama 21 kafin ta zama doka, kuma kwanakin zama ake ƙirgawa, ba kwanakin kalanda ba.

Ta huɗu ita ce ƙasar gargajiya, wato ƙasar sarki da talakawansa. Ita ba ta tafiya da zaɓe, amma ita ce mutane suka fi jin ta a jikinsu.

Hukuma uku daban-daban ke riƙe da alƙaluman shata jiha da gunduma da mazaɓa, kowace da nata lokacin. In ɗaya ta ja layi sauran ba su biyo ta a kan kari ba, sai a bar wasu mutane a tsakiya.

Yadda aka bar su a tsakiya

A 2017 Shugaba Akufo-Addo ya naɗa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Brobbey ya duba koke-koken neman sababbin jihohi. Kwamitin ya ba da shawarar shida, ciki har da Oti, wadda za a yanko daga arewacin Volta. A taswirar Oti aka sanya ƙasashen SALL. Wasu sun je Kotun Ƙoli suna cewa dukkan mutanen Volta ya kamata su jefa ƙuri'a tunda jiharsu za a raba, kotu ta ce a'a, yankin da abin ya shafa ne kawai zai yi. Ranar 27 ga Disamban 2018 aka yi ƙuri'ar, masu amincewa suka haura kashi 98 cikin ɗari, a farkon 2019 aka kafa Oti da hedikwata a Dambai.

Wannan adadi mai girma ya rufe wani abu. Ba a ƙirga ƙuri'ar kowace ƙasar gargajiya daban ba, jimilla aka yi. Sarakuna da dattawan Akpafu da Lolobi sun fito fili sun ce ba su nemi shiga Oti ba, kuma da yawa daga mutanensu sun ƙaurace wa ƙuri'ar. Dalilinsu a bayyane yake: Hohoe na ƙofar gida, Ho, hedikwatar Volta, ba ta da nisa sosai, Dambai kuwa tafiya ce mai tsawo. A Likpe da Santrokofi an fi samun masu goyon baya, waɗanda ke ganin gara zama cikin jihar da ƙananan ƙabilu irinsu suka fi yawa, da fatan samun gundumar kansu. Kuskure ne a ɗauki SALL a matsayin murya ɗaya a kan wannan batu.

Da Oti ta tabbata, sai matsala ta fito. SALL na cikin Oti, amma a takardar zaɓe suna cikin mazaɓar Hohoe wadda ke Volta. Mazaɓa ɗaya a jiha biyu, abin da sashe na 47 ya hana. A tsakiyar 2020 Kotun Ƙoli ta umarci Hukumar Zaɓe ta gyara, Hukumar ta mayar da su mazaɓar Buem. Da an tsaya nan, da sun yi zaɓe a Buem, ko suna so ko ba sa so. Amma gab da zaɓe sai gwamnati ta ƙirƙiri gundumar Guan domin ƙasashen huɗu, da hedikwata a Likpe-Mate. Ranar 6 ga Disamban 2020, jajibirin zaɓe, Hukumar Zaɓe ta fitar da sanarwa cewa saboda an kafa sabuwar gunduma kuma ba a riga an kafa mazaɓarta ba, masu zaɓe a Guan za su zaɓi shugaban ƙasa kawai. Mutum sama da 17,000 abin ya shafa.

Daga nan ƙofa ta rufe. Ko da an shata mazaɓar da zarar sabuwar majalisa ta fara zama, sharaɗin nan na biyu ya ce ba za ta fara aiki ba sai majalisar da aka zaɓa ta kammala wa'adinta. Ita kanta gundumar ba a ƙaddamar da ita ba sai Oktoban 2021, ta zama ta 261 a ƙasar.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Hukumar Zaɓe ƙarƙashin Jean Mensa ta tsaya a kan cewa ba ita ta hana kowa zaɓe ba. Ta ce gwamnati ta kafa gundumar a ƙurarren lokaci, babu sauran kwanakin zama 21 da za a shigar da dokar sabuwar mazaɓa, kuma barin mutanen Guan su zaɓi ɗan majalisar Buem zai sa mutum ɗaya ya zama wakili a majalisun gunduma biyu, abin da take ganin dokar ƙananan hukumomi ba ta yarda da shi ba.

Masu suka, ciki har da lauyoyi da ƙungiyoyin farar hula, sun amsa da cewa sashe na 42 ya ba kowane ɗan ƙasa mai shekara 18 da hankalinsa 'yancin zaɓe, kuma ƙaramar doka ba ta rinjayar kundin tsarin mulki. Suka ƙara da cewa dokar da ta sanya SALL a Buem tana nan daram ranar zaɓe, ba a soke ta ba, sanarwar manema labarai kuwa ba doka ba ce. A ma'aunin hujja wannan ɓangare ya fi nauyi. In dokoki biyu suka yi karo, ɗaya ta shafi tsarin zaman majalisar gunduma, ɗaya ta shafi 'yancin mutum dubu goma sha bakwai, ba a bukatar dogon karatu kafin a san wadda ya kamata ta jira. Amma uzurin Hukumar game da lokaci shi ma gaskiya ne, kuma yana nuna cewa wanda ya kafa gunduma wata guda kafin zaɓe yana da nasa kason.

Sai fassarar siyasa, wadda ta fi yawo a gari. Hohoe kujera ce da NDC ta daɗe tana riƙewa, amma a 2020 John Peter Amewu na NPP ya ci ta da tazarar wajen ƙuri'a 5,000. Magoya bayan NDC suka ce an cire SALL ne don a share masa hanya. 'Yar takararsu Margaret Kweku da wasu mazauna yankin suka shigar da ƙara, aka yi ta kai-komo har Babbar Kotun Ho ta kore ta a 2024. 'Yan NPP kuwa sun ce fitar SALL daga Hohoe hukuncin kotu ne da ya biyo bayan ƙuri'ar raba gardama, ba shirin jam'iyya ba.

A nan akwai bambancin da ake yawan tsallakewa. Abu biyu ne suka faru, ba ɗaya ba. Fitar da su daga Hohoe ya samo asali ne daga kafa Oti. Sanarwar 6 ga Disamba kuwa daga Buem ta cire su, kujerar da Kofi Adams na NDC ya ci ko ba da su ba. Wato sanarwar kanta ba ita ta canza sakamakon Hohoe ba. Wanda ke zargin an yi shiri, sai ya koma kan yadda aka zana taswirar Oti, can ne tambayar take. Abin da ya ƙara wa maganar zafi shi ne yadda majalisar ta fito: NPP 137, NDC 137, da ɗan takara mai zaman kansa ɗaya daga Fomena. A irin wannan majalisa kujera ɗaya ba ƙaramin abu ba ce, ko ta wace jam'iyya za ta kasance.

Me rashin wakili ke nufi ga talaka

Mai sayar da koko a Nima na iya cewa shi ma bai ga abin da nasa ɗan majalisar ya tsinana masa ba, to mene ne abin kuka. Tambaya ce mai kyau, amsarta kuwa tana cikin ƙananan abubuwa. Kundin tsarin mulki ya ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa ga asusun gundumomi, kuma a al'adar rabon akwai kason da ke bi ta hannun ɗan majalisa, wanda da shi ake biyan kuɗin makarantar marayu, a sayi kwanon rufin aji, a gyara famfon burtsatse. Ɗan majalisa ne ke iya tsayar da minista a zaure ya tambaye shi yaushe za a gyara titin wuri kaza. Ga ƙauyen da ke kan dutse, inda damina ɗaya ke iya cinye hanya ta bar mai naƙuda da mai buhun koko a sama, wannan tambaya tana da tsada.

Sannan akwai haraji. A Maris 2022 Majalisa ta amince da harajin tura kuɗi ta waya, kashi 1.5 cikin ɗari, bayan watanni ana gardama. Ɗan Akpafu da ke aiki a Accra yana tura wa mahaifiyarsa kuɗi ta MoMo ya biya, ita ma in ta tura ta biya, alhali ƙauyenta ba shi da bakin cewa e ko a'a. Haka kowane kasafin kuɗi da kowane bashi da aka amince da shi daga 2021 zuwa 2024.

Canjin jiha ma yana da nasa nauyin da bai ƙare da zaɓen 2024 ba. Malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, mai neman takardar fili, sarkin da ke da ƙara a majalisar sarakunan jiha, duk wanda aikinsa ya kai matakin jiha yanzu Dambai zai dosa. A ɗaya gefen, gundumar da yawan mutanenta ya kai wajen 28,000 a ƙidayar 2021 ta samu kasonta kai tsaye daga asusun gundumomi, da shugabanta, da ofisoshinta, abin da ba ta da shi lokacin da take gefen Hohoe. Waɗanda suka goyi bayan Oti wannan suke nunawa.

Mutanen zango suna da dalilin sa ido a kan irin wannan lamari. Unguwanninmu na cikin wuraren da aka fi yawan sake wa iyaka, domin cunkoso na ƙaruwa kuma ƙuri'unsu na da yawa. Kujerun Majalisa sun tashi daga 200 a 1992 zuwa 230 a 2004, zuwa 275 a 2012, shekarar da aka fitar da Ayawaso ta Arewa daga Ayawaso ta Gabas. A Kumasi ma a 2012 aka kafa hukumar Asokore Mampong. Duk lokacin da aka ji ana maganar sabuwar gunduma, tambayoyin da SALL ta koyar su ne: shin mazaɓar ma za a taɓa ta, wace hukuma ce ke da alhakin hakan, kuma kwanakin zaman Majalisa nawa suka rage kafin zaɓe. Dattawan da suka ga korar baƙi ta 1969 sun san yadda takarda ɗaya daga ofis ke iya sauya matsayin mutum a ƙasar da aka haife shi.

Abin da ya rage a kan dutsen

Ranar 7 ga Disamban 2024 mutanen Todzi da sauran ƙauyukan suka karɓi takardun zaɓe biyu kamar kowa, Fred Kwesi Agbenyo na NDC ya zama ɗan majalisar Guan na farko. An toshe ramin, amma dokokin da suka haƙa shi ba su canza ba. Har yanzu babu abin da ya tilasta wa mai kafa gunduma ya jira Hukumar Zaɓe, kuma ƙuri'ar raba gardama kan sabuwar jiha har yanzu jimilla ake ƙirga ta, ta yadda ƙaramar ƙasa da ke bakin iyaka za ta iya cewa a'a a shigar da ita duk da haka. Masu son Akpafu da Lolobi su koma Volta suna nan, sai dai hanyar komawar ita ce dai ta sashe na 5, da kwamitinta da ƙuri'arta da kashi 80 ɗinta.

Akwai kuma wata magana da ke tasowa daga cikin dutsen kansa. A 2019 gwamnati ta kafa hukumar bunƙasa tama da ƙarafa, GIISDEC, kuma duwatsun Oti, har da na Akpafu, na cikin wuraren da ake binciken yawan tamar da ke ƙarƙashinsu. A dokar Ghana ma'adinin da ke cikin ƙasa na jamhuriya ne, shugaban ƙasa ke riƙe da shi a madadin jama'a, kuma yarjejeniyar haƙarsa sai Majalisa ta amince. Wani kaso na kuɗin ma'adinai yana komawa ga gunduma da masarautar da aka haƙa a ƙasarta. In har binciken ya kai ga haƙa, to sunan jihar da dutsen yake, da gundumar da za ta karɓi kason, da wanda zai miƙe a zauren Majalisa ya yi tambaya kan gonakin shinkafa da maɓuɓɓugan ruwan da ke gangaren, duk za su koma maganar kuɗi da filaye, a kan dutsen da kakannin Mawu suka fara haƙa da hannu.